Ƙaurin hayaƙi a ɗaki: yadda za mu fitar da shi da hannunmu

Ɗari ya wuce, hazo ya fara janyewa, amma a gidaje da yawa ya bar mana baƙon da ya ƙi tafiya, wato ƙaurin hayaƙi. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu ana kwana da wuta a ɗaka. Mata suna girki a ɗaka saboda iska, ƙofa a rufe, taga a toshe. Wasu kuma gobara ce ta taɓa su, Allah ya taƙaita, aka kashe wuta, amma wari ya zauna.

A wani rangadi da na yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, na karɓi littattafan ɗalibai don in duba rubutu. Kafin in buɗe na wata baiwar Allah, ƙaurin hayaƙi ya buge ni. Na tambaye ta ko littafin ya faɗa wuta. Ta ce a'a, malam, a akwati yake kwana, ƙarƙashin gado. Ita ba ta jin komai, hancinta ya saba. Jaririn da ta goya kuwa tari yake ta yi. Na ce a raina, hayaƙin da ya shiga rufaffen akwati ya kama takarda, yaya zai bar ƙirjin yaro?

Ina warin yake ɓuya?

Mutane da yawa suna tsammanin warin cikin iska yake. Shi ya sa suke kunna turaren wuta. To, ba a iska yake zaune ba. Hayaƙi tarin ƙananan ƙwayoyin baƙin gari ne haɗe da wani maiƙo mai danƙo. In ya tashi, sai ya manne a azara, da jinka, da bango, da zana, da katifa, da tufafi. Shi ne kunkunniyar nan da muke gani tana lilo a rufin madafa. Duk abin da ke da ƙananan ramuka, kamar ƙasa, da ice, da auduga, da soso, yana shan hayaƙi kamar yadda yashi ke shan ruwa. Daga baya sai ya riƙa sakin warin kaɗan-kaɗan, musamman in an yi zafi ko laima. Wannan ne ya sa ɗakin da aka ɗauka ya warke da rani, ƙaurinsa yake dawowa da ruwan farko.

Saboda haka turare ba magani ba ne. Rufe warin kawai yake yi, kuma shi kansa turaren wuta hayaƙi ne, ƙari yake yi a kan na da. Sai an cire kunkunniyar nan wari zai fita. Kuma lokacin aikin shi ne yanzu, rana tana da ƙarfi, iska a bushe, ba a fara aikin gona ba.

Kada a ɗauka zancen ƙyale-ƙyale ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya. A cikinsu akwai yara fiye da dubu 237 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Mata da ƙananan yara ne suka fi shan sa, domin su ne a bakin murhu.

Kafin a taɓa ruwa

Da farko a fitar da yara, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon fuka. A buɗe ƙofa da taga, a cire tsumman da aka cusa a kafofin bango, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A kwashe kayan ɗaki kaf zuwa tsakar gida. Mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi. In babu, ya ninka kallabi ko rawani, ko da yake bai kai takunkumi tsarewa ba.

Ga kuskuren da aka fi yi: a ɗauko bokitin ruwa a watsa wa baƙin bango. Kunkunniya in ta jiƙe narkewa take yi, ta shige cikin bango, ta bar tabo da wari. A bushe ake fara cire ta. A ɗaura tsintsiya a kan gora, a fara daga rufi, a bi tsakanin azara, a gangaro bango, sannan ƙasa. Wanda ya fara daga ƙasa zai yi aiki biyu. Daɓen ɗaki ne kaɗai ake yayyafa wa ruwa kafin shara, don kada ƙurar ta tashi ta koma inda ta fito. Sharar kuma a kai ta nesa a binne.

In gobara ce aka yi, akwai abin da ya riga shara. Kada kowa ya shiga sai magini ya duba azara da ginshiƙi. Azarar da wuta ta ci tana iya zama lafiya lau a ido, alhali cikinta ya zama gawayi, ranar da rufi ya sha ruwa sai ta karye. In akwai lantarki a gidan, a kashe shi har mai gyara ya duba waya.

Bango

Bangon siminti mai fenti, da ƙofar ƙarfe, da rufin kwano ba su da wuya. A zuba omo ko sabuni a ruwan ɗumi, a wanke da tsumma, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a riƙa canza ruwan da zarar ya yi baƙi. In maiƙon ya yi kauri, a ƙara ruwan toka ko ƴar kanwa, suna narkar da shi sosai. Amma suna cin hannu, a sa safar roba, kuma a kiyayi ido. Kada a shafa sabon fenti sai bango ya wanku ya bushe, in ba haka ba tabon zai ɓullo ta cikin fentin.

Yawancinmu kuwa ɗakin ƙasa gare mu, shi kuma ba ya wankuwa. Ruwa da yawa lalata shi yake yi. Abin yi shi ne a kankare saman yaɓen da ya yi baƙi da guntun ƙarfe ko tsohuwar hauya, a hankali, har ƙasa mai tsabta ta bayyana. Sannan a kwaɓa sabuwar ƙasa a yi yaɓe, a bar shi ya bushe sarai ƙofa a buɗe, a bi shi da farar ƙasa sau biyu. Na san aikin da nauyi, kuma akwai masu cewa farar ƙasa kaɗai ta isa. Ba ta isa ba. In an shafa ta a kan kunkunniya, ba a daɗewa take yin ja-ja, ta fara ɓarewa. Daɓen ƙasa ma, inda aka yi ta hura wuta, a haƙe gurbin a sake shi.

Jinkar da ta yi shekaru tana shan hayaƙi, babu sabunin da zai tsarkake ta. Tsofaffi suna cewa hayaƙi yana hana ƙwari cin jinka, kuma da gaskiyarsu. Manoma ma suna rataye zangarniyar iri a saman murhu saboda haka. To, wannan amfanin a bar wa madafa. Ɗakin kwana, a sake masa shuci.

Tufafi da shimfiɗa

Tufafi a fara kakkaɓe su a waje, a jiƙa su a ruwan sabuni su kwana, a wanke. In wari bai fita ba, a zuba kofi ɗaya na binegar, wato ruwan tsamin nan na kwalba, a bokitin ruwan ɗauraya. A shanya su a rana su yini. Sau da yawa sai an yi wanki biyu ko uku.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada a taɓa haɗa ruwan zabel da binegar. Haɗin yana fitar da iska mai guba, mai ƙona ido da huhu. Zabel ma ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya narkar da maiƙon hayaƙi.

Katifa da matashin kai a kai su rana kwana uku ko huɗu, ana juyawa, ana bugu da sanda. Wanda ya samu bikarbonat a kanti ko farmasi, ya barbaɗa a kan katifa, ta kwana, ya kakkaɓe. Katifar soso da wuta ta lasa kuwa a haƙura da ita. Tabarma da asabari a wanke su da buroshi. Sange mai magani shi ne dabam: a wanke shi a hankali da sabuni, ban da zabel, kuma a inuwa ake shanya shi, domin rana tana kashe maganin sauron da ke jikinsa.

Akwati da kabad, bayan an goge su an shanya, a sa gawayi busasshe, wanda ba a kunna ba, a daddaka shi a ƙaramin kwano, a rufe shi ciki ƴan kwanaki. Yana tsotse sauran wari a ƙaramin wuri, amma kada a jira ya gyara ɗaki guda.

Manoma, ga taku. In a ɗakin da ya ƙone an ajiye maganin ƙwari, ko takin zamani, ko batir, ko kayan roba, hayaƙinsu guba ne. Hatsi da gari da mai da ke buɗe a ɗakin, kada a ci, kada a ba dabba.

Kada ya dawo

Wanda ya yi duk wannan kuma ya mayar da murhu ɗakin kwana, ya kashe maciji bai sare kansa ba. A yi wa girki rumfa a waje, a kare ta da zana ta wajen da iska ke bugowa. In dole ne a ɗaka, a huda taga a sama, kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake nema. A yi amfani da busasshen ice. Ɗanye ya fi hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko guntun roba. Ingantaccen murhu, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na ƙasa, waɗanda aka yaɗa a ƙasarmu tun shekarun 1980, yana rage cin ice, kuma wanda ya rage ice ya rage hayaƙi. Mai shan taba ya fita waje. Hayaƙinta ma yana manne wa bango da tabarma, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

Akwai kuma hayaƙin da ba shi da wari ko kaɗan, kuma shi ya fi saurin kisa. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da nauyin barci. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan alamu tare, a fitar da su fili nan take, a kai su likita. Kasko ya fita waje kafin a kwanta.

Yaron da ke tari kuwa, a ƙirga numfashinsa yana kwance shiru, minti ɗaya cif a agogo. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, to numfashin ya yi sauri, alamar ciwon huhu ce. Haka ma in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono. A kai shi likita a ranar, kada a bari sai an gama yaɓe.