Ɗaukewar jinin biƙi ba ita ce warkewa ba

Ni ungozoma ce a asibiti. Cikin tambayoyin da nake yi wa mai jego idan ta dawo awon mako shida har da ko ta koma shimfiɗar maigida. Da yawa sai su sunkuyar da kai. Wata tun mako na uku ta koma, ɗinki bai ma gama kamewa ba.

Idan na bi diddigi, da wuya in tarar son ranta ne. Galibi matsin miji ne, ko tsoron kada ya karkata ga kishiya, ko ya fara leƙe-leƙe a waje. A da mace kan tafi wankan gida ta yi arba'in a gaban mahaifiyarta, wasu ma sai an yi yaye suke komawa turaka. Yanzu a birni ma'aurata da yawa ɗaki ɗaya gare su, babu wata babba a kusa da za ta tsawatar. Ga kuma tunanin cewa da zarar jini ya ɗauke an yi wanka, shi ke nan.

Jiki kuwa bai gama ba. Mahaifa na ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma girmanta, kuma gurbin da mabiyiya ta rabu da shi ciwo ne da ƙwayoyin cuta kan shiga cikin sauƙi. Wadda ta ƙaru ko aka yi wa ƙari, ɗinkin na iya warwarewa. Shayarwa ma kan busar da gaba, saduwa ta zama azaba, matar ta yi shiru don kunya.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne kwanika. Ƙwai kan sauka kafin a ga al'adar farko, don haka ciki na iya shiga ba a sani ba. Shayarwa na karewa ne kawai idan nono zalla ake bai wa jariri dare da rana, bai kai wata 6 ba, al'ada kuma ba ta dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

'Yar'uwa, idan akwai zafi, wari, zazzaɓi ko jini ya dawo, kada ki jira ranar awo. Ku kuma magidanta, don Allah ku rako matanku awon mako shida, ku ji bayani da kunnenku, a zaɓi hanyar tazarar haihuwa tare, sannan ku jira har su ce sun shirya.