Agogon zafin giya ya rikice? Ga abin da za ka yi gobe da safe

Yawancin katafilolin nan masu shebur a gaba da hannun haƙa a baya da ke aiki a Jalingo sun sha duniya kafin su iso Taraba. Ko JCB 3CX ce, ko Case 580, ko Caterpillar 428, 'yan Beljiyam ne da suka gama yi wa wasu bauta. Injin yana nan da ƙarfinsa, amma wayoyi sun bushe, kuma cikin abubuwan da ke fara rikicewa akwai agogon da ke nuna zafin man giya. A wata motar allura ta kwanta ba ta motsi. A wata, da an murɗa makulli sai ta haura ja. A wata kuma rawa take yi duk sanda taya ta faɗa rami.

Kada ka ce "ai haka take" ka koma lodin yashi a Mayo Gwoi. Giyar waɗannan motoci da mai take tafiya, kuma tok-konbata tana dafa man nan sosai idan aiki ya yi nauyi. Man ya ƙone, kulocin ciki ya bi shi, sai sauke giyabos da zaman makonni babu ko kwabo. Kada kuma ka ruga sayen sabon agogo. Ka fara gano abu ɗaya: agogon ne ke ƙarya, ko man ne ya yi zafi da gaske?

1. Ajiye ta yadda ba za ta motsa ba. Samu fili mai lebur, sauke shebur ƙasa, sauke ƙafafun baya, saka giya a firi, ja birkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi. Duk sanda hannunka zai kusanci fanka, makulli ya kasance a aljihunka.

2. Duba man kafin ka taɓa ko waya ɗaya. Zaro gejin man giya ka ga inda ya tsaya. Wasu motocin ana dubawa injin yana aiki a silo, wasu kuma jim kaɗan bayan an kashe, don haka bi abin da littafin motarka ya ce. Ɗiga shi a farar takarda, ka sansana. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, man ya yi zafi da gaske, ka tsallaka zuwa lamba 8. In ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, galibi daga kular da ke sanyaya shi. Wannan motar ba ta fita aiki yau.

3. Nemi shaida ta biyu. Sayi ko ari ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake haskawa daga nesa. Ba irin na goshi da aka yi ta amfani da shi lokacin korona a 2020 ba, wannan iyakarsa zafin jikin mutum. Na masu gyaran inji za ka nema. Yi aiki na rabin awa, sannan ka haska shi a kan ƙarfen da ke kusa da sensa da kuma bututun da ke kai mai kula. Man giya mai lafiya yakan zauna tsakanin digiri 80 zuwa 100. Ya doshi 120, akwai matsala. In bindiga ta ce 85 agogo kuma yana kan ja, hankalinka ya kwanta: aikin waya ne.

4. Duba fis da wuta. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Sauran agogunan sun motsa? In duk sun mutu tare, fis ne ko wayar da ke ba su wuta, ba ruwan giya. In wannan kaɗai ya mutu, sa mita a bayansa ka ga ko wajen bolt 12 yana isowa. Fis ɗin da aka naɗe da zaren waya, cire shi yau ka sa na gaske.

5. Yanzu gwajin da zai raba gardama. Nemo sensar zafi a jikin giyabos ko a kan layin da mai ke fita daga tok-konbata. Ƙaramin ƙarfe ne mai kama da noti, yawanci da waya ɗaya a kansa. Ka tabbata shi ne, domin a kusa da shi akwai na matsin mai da kuma wayoyin da ke sa mota gaba da baya. Sa yaronka ya zauna a kujera yana kallon agogo, makulli a buɗe.

Cire wayar. Ya kamata allura ta faɗi can ƙasa. In ta tsaya a ja duk da ka cire, to wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, ko agogon ya ƙone.

Sai ka taɓa bakin wayar a jikin ƙarfe mai tsabta, daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai, kada ka riƙe har agogo ya ƙone. Ya kamata allura ta tashi zuwa ƙarshe. In ta faɗi da ka cire, ta kuma tashi da ka taɓa, agogo da waya lafiyarsu ƙalau, sensa ce ta mutu. In ba ta motsa ba, maimaita gwajin a bayan agogon da guntuwar waya. Ta motsa a can? Wayar da ke tsakani ta tsinke. Ba ta motsa ba? Agogon ne.

Wasu motocin ba su da allura, fitila ce da ƙararrawa. Gwajin ɗaya ne: ka taɓa ƙarfe, fitila ta kama. Amma wannan dabara ta tsofaffin motoci ce. Sabuwa mai kwamfuta, kada ka kuskura.

6. Wanke negetif. A nan ne na fi so ka ɓata lokaci, domin a nan ake yawan asarar kuɗi a banza. Motar da ta sha laka a damina, ta sha ƙurar hunturu, ana kuma wanke ta a bakin kogin Lamurde, dole mahaɗan wayoyinta su yi tsatsa. Alamar a bayyane take: ka kunna fitilun aiki, allurar zafi ta ɗaga. Man giya bai san an kunna fitila ba. Kwance wayar negetif daga batir zuwa bodi, da wadda ta haɗa inji da bodi, da ta bayan agogo. Goge kowacce da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure tamau, shafa ɗan giris. Sannan bi wayar sensa da hannu daga farko har ƙarshe, musamman inda ta ratsa ƙarƙashin kujera da inda ta kusanci salansa. In ka ga inda aka taɓa murɗe waya biyu aka naɗe da leda, yanke a yi mata sabon haɗi.

7. Gwada sensa kafin ka jefar. Kwance ta bayan mota ta huce, ka toshe ramin kada ƙasa ta shiga. Juya mita zuwa awon om, bakin mita ɗaya a kan sensa, ɗaya a jikinta, ka tsoma gindinta a ruwan da ke kan wuta. Lamba ta riƙa sauka a hankali yayin da ruwa ke zafi. In ta tsaya cak ko tana tsalle, ta gama aiki.

Wajen saye, riƙe tsohuwar a hannu, ko ka tura hotonta da lambar motar ta WhatsApp ga mai kawo maka kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Don ta shiga ramin ba shi ne ta dace ba. Kowace sensa da agogon da aka yi ta dominsa, kuma ta ruwan lagireto da ke tsayawa a 120 ba za ta yi wa agogon da ke kaiwa 150 karatu daidai ba. In ta asali ta gagara, sayi agogo da sensarsa tare, kamfani ɗaya. Kada rewaya ya naɗe mata farin tef ɗin masu famfo. Ta jikinta take samun negetif, tef ɗin zai raba ta da ƙarfe.

8. In agogon gaskiya ya faɗa. Kada ka kashe inji nan take. Sa firi, bar shi yana juyawa sama da silo kaɗan har allura ta sauko. Sannan ka duba haƙarƙarin lagireto da na kula. Ƙura da ciyawa da man da ke yoyo sukan haɗu su toshe su, a watan Maris da Afrilu kuwa, da Jalingo ke ɗaukar zafi, motar ba za ta jure ba. Hura su da iska daga ciki zuwa waje. Danna fanbel ka ji ko ya saki. Tabbatar birki ba ya riƙewa. Canja filta, a wanke rariyar da ke ƙasan giya, a zuba irin man da kamfani ya ce, kada kuma a cika shi fiye da layi.

Ka dubi tuƙinka ma. Lodin tifa da giya ta uku, ko cusa shebur cikin tudun yashi kana ba ta wuta alhali taya ba ta juyawa, yana dafa mai cikin 'yan mintuna. Yi lodi da ta ɗaya ko ta biyu. In ka yi duk wannan zafi bai sauka ba, kira bakaniken giya ya auna matsin mai.

Kafin sabuwar sensa ta iso, in oga ya matsa sai an fita, ajiye bindigar awon nan a gefen kujera. Duk awa ɗaya ka tsaya ka haska wuri guda, ka rubuta lambar. Ta wuce 110, huta. Ta kai 120, aikin ranar ya ƙare.