Ba Lalacewa Ba Ce, Ciwo Ne

Baffana tela ne, mutum mai kunya, ko ƙannensa ba ya ɗaga wa murya. Yana da shekara 51 abin ya fara. Sai ya riƙa yi wa mata masu kawo ɗinki maganar da baki ba zai iya maimaitawa ba. Ya shiga kantin maƙwabci ya kwashi alawa ya fice bai biya ba. Ranar da amininsa ya rasu, a wurin zaman makoki yake tambaya ko an sauke abinci. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce dama can halinsa ne ya ɓoye. Matarsa ta yi yaji sau biyu.

Sai bayan shekara biyu, da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likita ya faɗa mana sunan ciwon: FTD, wani nau'i na cutar mantuwa da ke cinye sashen ƙwaƙwalwa na goshi da na gefen kai. Likita Arnold Pick ne ya fara bayyana shi a birnin Prague a 1892. Shi ne kuma ciwon da iyalan jarumin fim na Amurka, Bruce Willis, suka sanar yana da shi a 2023.

Abin da ya ruɗe mu, Baffa bai manta kowa ba. To haka ciwon yake. Sashen goshi shi ne birkin mutum, shi ke cewa "kar ka yi". In ya lalace, hali ke fara canzawa kafin mantuwa ta zo: rashin kunya, mutuwar zuciya, rashin tausayi, maimaita abu ɗaya kullum, da kwaɗayin zaƙi. Yawanci yakan kama mutum tsakanin shekara 45 zuwa 65.

Yanzu ga inda abin ya shafe ni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon akwai wani mai irinsa a danginsu. An gano ƙwayoyin gado uku da suka fi jawo shi: MAPT a 1998, GRN a 2006, sai C9orf72 a 2011. In uba ko uwa na ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Kakarmu ma, an ce "taɓuwa" ta yi kafin rasuwarta. Babana kuwa cikinsu ɗaya da Baffa. Wallahi wani daren ina karatun jarrabawar ƙarshe, sai in tsinci kaina ina wannan lissafi.

Har yau ba a samo maganin warkewa ba, amma akwai magungunan rage wasu alamomin. Mu dai a gida mun daina musu da shi, mun ɓoye sukari, mun bi maƙwabta mun yi musu bayani.

Don Allah 'yan'uwa ɗalibai, in dattijon kirki ya sauya hali a gidanku, kafin a yanke masa hukunci a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.