Injin mota: na jere ko na gwafa, wanne ya fi ja?

Bayan kaka, manoman Safo suna buƙatar mota. Akwai hatsi, da gyaɗa, da wake da za a kai kasuwar Maraɗi ko ta Madarunfa. Hanyoyin ƙauye kuwa rairayi ne, da damina kuma laka ce a gefen Gulbi. Don haka ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi don sayen mota, tilas ta san abin da za ta saya. Wani dillali ya ce: injin V ya fi ƙarfi. Wani ya ce: a'a, na jere ya fi. Darasin wannan karo zai raba gardamar.

Yadda inji yake aiki

A cikin inji akwai ramuka masu kama da turmi, ana ce musu silinda. A cikin kowane akwai ƙarfe mai hawa da sauka kamar taɓarya, sunansa fistan. In mai ya ƙone a cikin silinda, sai ya tura fistan ƙasa. Fistan kuma ya juya wata sandar ƙarfe mai gwiwa-gwiwa. Juyawar wannan sanda ita ke kaiwa ga ƙafafun mota.

Babur ɗin kabu-kabu da ƙaramin injin ban ruwa na lambu, turmi guda gare su. Mota tana da 4, ko 6, ko 8. Suna bugawa bi da bi, kamar mata masu lugude.

Jere da gwafa

Ana shirya turamen iri biyu. Na farko, a jera su layi guda, wannan bayan wannan. Shi ne injin jere. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, silinda 4 gare ta a jere. Haka Toyota Hilux mai gazuwal.

Na biyu, a raba su layi biyu, a jingine, gindinsu haɗe, kansu a ware, kamar gwafa. Turawa suna kiransa V, don ya yi kama da wannan baƙi. Baƙin V ba ya cikin baƙaƙen hausa, amma kowa ya san gwafa. V6 na nufin 3 a dama, 3 a hagu. V8 kuwa 4 da 4 ne.

Ƙarfi iri biyu ne

Akwai ƙarfin murɗa. Shi ne ke tayar da mota mai kaya daga tsaye, ya fitar da ita daga rairayi. Ya yi kama da ƙarfin san huɗa: ba sauri, amma akwai ja. Ana iya gwada shi haka: a rataya nauyi a bakin sanda mai tsawon mita guda. Kilo 10 a bakin sandar ya kai kusan 100 a ma'aunin da ake rubutawa Nm a takardar mota.

Akwai kuma ƙarfin doki. Shi ne ƙarfin murɗa in an haɗa shi da saurin juyawar inji. Shi ke sa mota gudu a kan kwalta. Mai ɗaukar buhuna daga gona, ƙarfin murɗa ya fi damunsa, musamman wanda ke zuwa tun inji bai yi ƙara sosai ba.

Ga misali daga mota guda

Toyota Land Cruiser, ta aikin daji, an sa mata injuna dabam-dabam na gazuwal.

A 1990 aka fito da na jere mai silinda 6, lita 4,2, ba turbo. Ƙarfin murɗarsa 285, kamar kilo 29 ke nan a bakin sanda. Dawakinsa wajen 130.

A 2007 aka sa mata V8, lita 4,5, mai turbo. Ƙarfin murɗarsa 430, kamar kilo 44. Dawakinsa wajen 200.

A 2023 aka sa mata na jere mai silinda 4 kawai, lita 2,8, mai turbo. Ƙarfin murɗarsa ya kai 500, kamar kilo 51. Dawakinsa wajen 200.

Ashe ƙaramin na jere ya fi babban na gwafa ja. Wannan ya nuna cewa ba jeri ko gwafa ke kawo ƙarfi ba. Abin da ke kawo shi uku ne: girman cikin turamen, da yawan iskar da ke shiga, da yadda ake fesa mai. Turbo aikinsa kamar na zuga-zugin maƙeri ne, yana ƙara iska, wuta ta ƙara ƙarfi. Giya ma tana taimako: giya ta ɗaya tana rage gudu, tana ninka ja.

To, mene ne bambancinsu?

Injin gwafa gajere ne. Ana iya cusa silinda da yawa a ƙaramin wuri. Amma kai biyu gare shi, kayan cikinsa sun fi yawa, wurin sa hannu ya matse. In ya lalace, aikin ya fi tsawo, kuɗin gyara ya fi yawa.

Injin jere dogo ne, yana son doguwar gaba. Amma kansa guda ne, makaniki yana kai hannu ko'ina. Mai silinda 6 a jere ba ya yawan girgiza, don fistan ɗinsa suna daidaita juna. Kamfanin Mercedes ya sa V6 da V8 a manyan motocinsa Actros a 1996. A 2011, da ya fito da sabuwar Actros, sai ya koma ga 6 a jere.

Shawara ga mai saye

Kada a saya don suna. A duba takardar mota, a karanta lambar Nm. A tambayi makanikan Maraɗi ko suna gyara irin injin, kuma ko kayansa suna samuwa a kusa. Sabbin injuna masu turbo suna da ƙarfi, amma ba sa jure gurɓataccen gazuwal, kuma gyaransu sai da kwamfuta. A gwada motar da kaya a kanta, cikin rairayi, kafin a biya. Motar da ta kwana wata guda a gareji lokacin kaka, asara ce ga ƙungiya duka.

Tambayoyi don ajin yaƙi da jahilci

1. Silinda nawa ne a kowane gefe na V8?
2. Wane ƙarfi ne ke fitar da mota daga rairayi?
3. A cire 44 daga 51, saura nawa?
4. Me ya sa gyaran injin gwafa ya fi tsada?