Bambancin Zuma da Rina, da Abin da Ya Kamaci Wanda Aka Harba

Da yawa daga cikin mutanenmu, idan ƙwaro mai fiffike ya yi musu shawagi a ka, ba su tsayawa su tantance zuma ce ko rina, sai su kai masa duka da hula ko mafici, alhali kuwa dukan nan shi ke jawo harbin da suke gudu, kuma sanin wadda ta yi harbin shi ke nuna irin agajin da za a fara da shi.

Zuma gajera ce kakkaura, jikinta da gashi-gashi, kuma in ka lura da ƙafafunta na baya sau da yawa za ka ga dunƙulen garin fure da take kaiwa amya. Rina kuwa doguwa ce sumul, ja-ja ko baƙi-baƙi, ƙugunta siriri, tana tashi ƙafafunta na reto, kuma ɓawon itace take taunawa ta yi saƙarta, ta rataye ta a azarar zaure ko bakin rumbu. Amma zanzaro, mai ginin laka a kusurwar ɗaki, shi kaɗai yake zaune, ba shi da rundunar da zai kare, don haka da wuya ya yi harbi in ba damƙe shi aka yi ba, kuma a ganina zalunci ne yadda yara ke rushe masa gini.

Asalin bambancin yana ga ƙari. Na rina santsi gare shi, tana soka shi ta zare ta sake sokawa, ba ta barin komai a fata. Na zuma kuwa yana da ƙayoyi masu komawa baya irin na ƙugiya, da zarar ya shiga sai ya maƙale, ya tsinke tare da jakar dafin, ita zumar ta tafi ta mutu, jakar kuwa ta ci gaba da motsi tana tura dafi cikin jiki har kusan minti ɗaya. Saboda haka, ya ɗan'uwa, kada ka ɓata lokaci wajen neman reza ko allura. Kankare ƙarin nan take da farce, domin gaggawa ita ce magani, sa'an nan ka bar wurin, gama ƙarin yana fitar da wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. Zumar Afirka ta shahara da zafin rai, har irinta da aka kai Barazil a 1956 ta bazu ta zama abin tsoro a nahiyar Amurka. In ta taso maka da yawa, lulluɓe fuskarka da rigarka, ka miƙe da gudu zuwa ɗaki ko mota ka rufe, kada ka faɗa rafi, domin tana iya jiranka ka ɗago.

Bayan haka a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma ko ruwan randa mai sanyi, a sha farasitamol in zogi ya dama. Laka da toka da ake shafawa ba su kashe dafi, illa su shigar da datti. Kumburin wurin harbi, ko da ya kwana biyu, galibi ba abin fargaba ba ne. Abin fargaba shi ne a ga cikin 'yan mintoci leɓɓa ko harshe sun kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya kama, ko ƙuraje sun feso a duk jiki, domin wannan alama ce ta cewa jinin mutum bai karɓi dafin ba, kuma harbi ɗaya tak ya isa ya zama sanadin ajali. Sai a garzaya asibiti a yi masa allurar adirenalin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka nan hukuncin yake ga wanda aka harba cikin baki, kamar mai kurɓar zoɓo daga kwalbar da rina ta shige, da wanda taron zuma ya rufar wa, musamman yaro da tsoho, don yawan dafi yana taɓa ƙoda.

Idan zuma ta sauka a bishiyar gidanka ta yi curi, kada a jefe ta, kada a cinna mata wuta, tun da Abu Dawuda ya ruwaito hadisin hana kashe ta. A kira masu amya, su zo da dare da hayaƙinsu su kwashe ta, bayan an shigar da yara ɗaki, an kuma kwance jaki da awakin da ke ɗaure a kusa, domin dabbar da ke turke ba ta da hanyar gudu.