Darasi na 7: Kada gara ta cinye rancen ƙungiya

Manufa: mu gane ɓarnar gara da ta ƙwaro mai huda katako, mu san yadda za mu kare jarin da muka sa a sana'ar kafinta ta cikin gida.

Abin da ya same ni

'Yan uwa mata, ni a Madobi nake, kuma maigidana kafinta ne. A rumfar da ke jikin zaurenmu yake aiki, yana yin benci, kujera 'yar tsugunne, kantar jere da allon karatu. Wata shekara na karɓi rance daga akwatin ƙungiya na wata uku, muka sayi katako da yawa don kayan amaren bayan Sallah. Muka jibge shi a ƙasa, jikin bango, muka rufe da buhuna.

Bayan 'yan makonni Malam ya zo ɗaukar na ƙasa. Ido ya ga katako lafiya lau, amma da ya danna da yatsa sai ya burma, cikin duk ƙasa ce. Wallahi sai da na sayar da akuyata kafin na cika biya. Ranar na gane cewa katakon nan kuɗi ne muka ajiye a ƙasa, kuma kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, na mata ne 'yan uwana.

Maɓarnatan biyu ne, kowa da hanyarsa

Ta farko gara. Daga ƙasa take fitowa, kuma ba ta rayuwa sai da danshi. Shi ya sa take gina siririyar hanya ta laka a jikin bango ko katako, tana bi ta ciki. Tana cin ciki ta bar fatar waje. Mu da muke yankin noman rani na Kura, Bunkure da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke gudana a kwata har da rani, ƙasar da ke kusa da ruwa ba ta cika bushewa ba. To kun ga garar wajenmu ba ta jiran damina. Idan kuma kuka ga shinge ya cika fitila bayan ruwan fari, gara ce ke neman sabon gida.

Na biyu ƙwaro mai huda katako. Shi ba daga ƙasa yake zuwa ba, sau da yawa da kuɗinki kike sayo shi. Uwar tana saka ƙwai a jikin katako, tsutsar ta yi watanni tana ci daga ciki, in ta girma ta huda ta fita. Alamarsa 'yan ramuka kamar na allura, da gari mai laushi kamar fulawa a ƙarƙashin katakon. Ya fi son farin gefen itace da farin katako mai taushi.

Abin da za mu yi

1. Tun a wurin saye. Ko a 'Yan Katako na Na'ibawa ne ko a kasuwar kusa, a juya kowane katako a duba. A ƙwanƙwasa shi: mai lafiya yana amo, wanda aka ci cikinsa yana ƙara kamar fanko. Mai ramuka da gari, ko an rage kuɗi, a bar shi.

2. A zaɓi itace daidai da aiki. Tsakiyar maɗaci, darbejiya da ƙirya sun fi jure wa gara. Kakanninmu ma da azarar giginya suke rufin soro saboda haka. Ƙafar benci da duk abin da zai taɓa ƙasa a yi shi da mai ƙarfi.

3. A ɗaga katako daga ƙasa. A jera bulo, a ɗora katako a kai, a sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. A bar tazara da bango yadda hannu da ido za su shiga. Kada a ajiye shi kusa da randa ko makwarara.

4. A share garin zarto da guntaye kullum. Su ne ke gayyato gara.

5. A duba kowane mako. In an ga hanyar laka, a karya ta, a bi ta har inda ta fito, a toshe, a gyara abin da ke jiƙa wurin.

6. Wanda ƙwaro ya shiga a ware shi nan take. A naɗe shi a baƙar leda, a shanya a rana mai zafi kwana biyu ko uku ana juyawa, domin tsananin zafi yana kashe tsutsar idan ya ratsa ciki. Wanda ya lalace sosai a sa a murhu.

Gargaɗi

Kafintoci kan shafa baƙin mai ko Solignum. Wannan na ginshiƙi ne da katakon rufi. Kada a shafa wa akushi, turmi, muciya, ko allon da yaro zai wanke ya sha. Kada a fesa fiya-fiya ko maganin feshin gona a ɗakin kwana, kada kuma a zuba magani a robar lemo inda yaro zai ɗauka.

Darasin kuɗi

Kada a ci rancen katakon da ya fi aikin da ke hannu. Misali, in kin sayi guda 20, gara ta ci 5, kashi ɗaya cikin huɗu na jari ya tafi, alhali akwati cikakken kuɗinsa yake jira da abin da aka ɗora. Gara ki saya kaɗan-kaɗan da ki tara wa gara. Rigakafi ya fi magani, kuma bulo huɗu ba su kai kuɗin akuya ba.

Tambayoyin tattaunawa

1. Yaya za ki bambance ɓarnar gara da ta ƙwaro?
2. Ban da katako, me muke ajiyewa a ƙasa da gara kan ci? Ku tuna buhun shinkafa, tabarma da littafin ƙungiya.
3. In kayan wata sun lalace kafin ta gama biya, me dokar ƙungiyarmu ta ce?

Aikin gida

Kowacce ta ɗaga abu uku da ke jikin bango a ɗakinta ko rumfar aiki, ta duba bayansu. Ranar taro mai zuwa, kafin a buɗe akwati, za mu ji abin da kowa ta gani.