Kafin Ka Hau Lissafin Taguwar Sifin

Ɗana, na ji ka zaɓi taguwar sifin don bincikenka, kuma na yi murna ƙwarai. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka fara da haddar lissafi. Bari hoton abin ya zauna maka a kai tukuna.

Kowane ilektiron ɗan mitsitsin maganaɗisu ne, abin da ake kira sifin ke nan. A cikin ƙarfe, maƙwabta sun fi son su fuskanci gefe guda. Idan aka ɗan karkatar da ɗaya, ba ya kifewa. Kansa ne zai riƙa kewayawa, ya ja na kusa da shi, shi ma ya ja na gaba, kowa yana ɗan makara kaɗan a kan wanda ya ja shi. Ka san yadda iska ke bi ta kan gonar gero, babu karan da ya bar gindinsa amma motsin ya kai ƙarshen gona. Haka taguwar sifin take. In wannan ya zauna maka, lissafin da Landau da Lifshitz suka rubuta a 1935 ba zai tsorata ka ba, domin kewayawar nan yake bayyanawa.

Felix Bloch ne ya fara hango taguwar a 1930, da alƙalami kawai. Ya nuna cewa zafi ne ke tayar da ita, shi ya sa ƙarfin maganaɗisu ke raguwa a hankali idan ƙarfe ya fara ɗumi. Sai a 1957 Bertram Brockhouse ya auna ta kai tsaye a Chalk River ta ƙasar Kanada, ta hanyar harba niyutiron cikin dutsen magnetait. Shekara 27 ke nan tsakanin hasashe da awo. Ka tuna da wannan a ranar da na'urarka ta ƙi ba ka amsa.

Na san abin da ya ja hankalinka, wato kwamfutar da za ta aika saƙo ba tare da ilektiron ya yi tafiya ba, don a rage zafi. Buri ne mai kyau, ni ma ina fatan ganinsa. Amma taguwar nan mutuwa take yi a hanya, kuma a nan wahalar take. A gamin ƙarfe da nikel, 'yan mikiromita kawai take kaiwa ta dushe. Shi ya sa masu bincike suke ji da wani sinadari mai suna YIG, wanda Bertaut da Forrat suka gano a Grenoble ta Faransa a 1956. A cikinsa takan yi tafiyar milimita da dama.

Saboda haka duk takardar bincike da ta shigo hannunka, kafin ka karanta alkawuran da ke cikinta, ka duba da me aka yi gwajin, a wane yanayin zafi, kuma taguwar ta yi nisan nawa kafin ta ɓace. Ka riƙa rubuta amsoshin a littafi guda, ka kai wa malaminka ku tattauna.